Karatun Gida: Kada a Rufe wa Yaro Ƙofar Jami'a

Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a bakin wasu abokan sana'armu, masu haɗa manhajar kwamfuta, kuma iyaye sun fara ɗaukarta da muhimmanci. Cewa suke yi zamanin takardar shaida ya wuce. Wai in yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, a cire shi, a saya masa kwamfuta da data, ya zauna a gida ya koyi rubuta manhaja daga YouTube. Kafin sa'anninsa su gama jami'a shi ya fara karɓar albashi da dala. Sun sa wa abin suna karatun gida, kuma suna kafa hujja da Amurka. A wannan sana'a nake cin abinci, ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, kuma ina cewa wannan shawara cutar da yara ce.

Ba karatun gida nake yaƙa ba. Uban da ya ƙi tura 'yarsa makarantar kwana yana da dalilin da ba wanda zai raina. 'Yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 jarrabawar kammala sakandare ce ta tara su a makaranta. Bayansu aka yi Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021, Kuriga a Maris 2024. Ga kuɗin makarantu masu zaman kansu da ke ta hauhawa, ga ajin makarantar gwamnati da yara suka cika har bakin taga. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara tara ta wajabta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Kuma koyarwa a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu: makarantun zaure sun daɗe, Nana Asma'u ma ta hanyar jajis ta kai ilimi ga matan da ke cikin gidajensu. Wanda ya zaɓi ya koyar da ɗansa a gida bai yi abin kunya ba. Abin da nake yaƙa shi ne a zaunar da yaro ba tsari, ba jarrabawa, sannan a kira wannan ci gaba.

Mu fara da Amurkar da ake ta ambato. Gaskiya ne karatun gida halal ne a duk jihohinta hamsin, saɓanin ƙasa irin Jamus da ta wajabta zuwa makaranta. Amma iyayen da ke son ɗansu ya shiga jami'a a can aikin shugaban makaranta suke ɗauka a kansu. Suna rubuta darussan da yaro ya yi shekara huɗu da makin kowanne, domin jami'a za ta nemi wannan takarda. Da yawa suna sa shi ya zauna jarrabawar SAT ko ACT. Wasu suna tura shi ƙaramar kwalejin yankinsu ya ɗauki darasin kimiyya da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Wato sun bar ginin makaranta, amma ma'aunin makaranta yana hannunsu. Masu kwaso mana labarin sun ɗauko zaman gidan, sun baro wahalar a can.

Sai kuma tatsuniyar Bill Gates da Mark Zuckerberg, waɗanda kullum ake cewa sun bar makaranta sun zama attajirai. Wace makaranta suka bari? Harvard. Gates ya gama sakandaren Lakeside, makarantar kuɗi da ta ba ɗalibanta damar taɓa kwamfuta tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da mafi yawan mutanen duniya ba su taɓa ganinta ba. Ya shiga Harvard a 1973, ya fita a 1975. Zuckerberg ya gama Phillips Exeter, ya shiga Harvard a 2002, ya fita a 2004 bayan Facebook ya kama. Dukansu sun ci jarrabawar shiga ɗaya daga cikin jami'o'in da suka fi wuyar shiga a duniya, kuma da kasuwancin ya rushe suna da inda za su koma. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a Gusau ko Azare da aka hana shi rubuta WAEC, ina zai koma? Masu kwatanta shi da waɗannan mutane kallon kitse suke yi wa rogo.

Za su ce, to masu digiri nawa ne ke yawo ba aiki? Za su tuna mana yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas. Duk gaskiya ne. Digiri ba ya ba da tabbacin aiki. Amma rashin takardar sakandare yana ba da tabbacin rufewar ƙofofi masu yawa a lokaci guda. Ba a zama likita, ko ma'aikaciyar jinya, ko lauya, ko mai haɗa magunguna ta kallon bidiyo. Duk sana'o'i ne masu lasisi, kuma hanyarsu ta makaranta ta bi. Yaron da yau yake son kwamfuta, wa ya san abin da zai so yana ɗan shekara ashirin? Uban da ya yanke masa hukunci tun yanzu ya zaɓar masa rayuwa guda, ya ƙone sauran.

A cikin sana'ar tamu ma maganar ba ta tsaya ba. Abin da ake koya cikin wata uku a intanet, wato haɗa shafi da maɓallai da launuka, shi ne aikin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara yi cikin daƙiƙoƙi. Abin da ke rage wa mutum shi ne tunanin da ke ƙarƙashi: ya gane dalilin da ya sa manhajar da ke gudu lafiya da mutum ɗari take durƙushewa da mutum dubu ɗari, ya iya bin hujja daki-daki, ya karanta dogon bayani na Turanci ya fahimta, ya rubuta wa abokin aiki abin da zai gane. Tushen wannan duka lissafin sakandare ne da Turancin sakandare, darussan nan biyu da ake cewa yaro ya watsar.

Abin takaicin shi ne hanyar tana nan a buɗe ga duk mai son koyar da ɗansa a gida tsakani da Allah. Jami'o'in Najeriya kiredit biyar suke nema, ciki har da Turanci, da kuma lissafi a mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Ba dole sai ta hannun makaranta ba. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, sau biyu a shekara, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. Bayan nan sai jarrabawar JAMB: darussa huɗu, Turanci dole, maki 400, a kan kwamfuta ake yin ta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Mai son ilimin kwamfuta sai ya haɗa da lissafi da Fiziks. Akwai kuma IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, amma ita ma ba ta ɗauke wa kowa kiredit biyar ɗin nan ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen da suka ɗauki wannan nauyi, tun shekarar farko ya kamata su zauna da yaro su duba kundin JAMB su ga darussan da fannin da yake so ke buƙata, su samo manhajar karatun WAEC, su raba ta a kan shekara uku. Uwa ko uba su faɗa wa kansu gaskiya game da abin da ba za su iya koyarwa ba. Mai digiri a Tarihi ba zai koyar da Kemistiri na aji shida ba don kawai yana ƙaunar ɗansa. A nemo malami a biya shi, ko gidaje huɗu ko biyar na unguwa su haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya. A riƙa gwada yaro da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da agogo a gabansa, kuma wani daga waje ya duba, domin idon uwa ba ya ganin jan biro.

Sai a kula da wani rami. Masu rubuta GCE ba sa yin gwajin kimiyya da hannu. Takarda ake ba su a madadinsa. Saboda haka yaro na iya cin Kemistiri da Bayoloji bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba, sai ya je ajin farko na jami'a ya tsaya kamar baƙo. Maganinsa a roƙi wata makaranta ta kusa, ko a biya ta, ta bar shi ya shiga ɗakin gwaje-gwajenta ko da ranar Asabar ce.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. A gidaje da dama, idan aka ce yaro zai yi karatu a gida, yarinya ake nufi. Wanta yana makaranta, ita tana gida da sunan karatu, littafi a gefe, wanke-wanke da rainon ƙanne sun cinye yinin. Shekara uku ta wuce ba ta zauna ko jarrabawa ɗaya ba. Mu ne kuma muke kukan babu likitoci mata da za su duba matanmu a asibiti. Daga ina za su fito?

Don haka ga tambayar da ya kamata dangi da maƙwabta su riƙa yi wa duk wanda ya ce ɗansa ko 'yarsa na karatu a gida: wace shekara za ta rubuta WAEC ko NECO, kuma wa ke koya mata lissafi? Mai amsa a shirye, a taimaka masa da littafi da malami da addu'a. Wanda ya fara kawo labarin Bill Gates, a tuna masa cewa shi kansa da takardarsa a cikin akwati yake wannan magana. Abokan sana'ata masu yaɗa wannan ra'ayi, yawancinku kun gama jami'a, kun yi bautar ƙasa, sannan kuka zaɓi hanyarku. Ku bar 'ya'yan mutane su kai inda kuka kai, in ya so su ma su zaɓa.