Matar da ba ta tashi a coci, da ɗiyarta da ke ajina

Wata ɗalibata a nan Zango ta daina zama da ƙawayenta lokacin hutun kalaci. Da na bincika, sai na iske wata ce ta yi mata gori, wai uwarta korarriya ce a coci tunda aurenta ya mutu ta sake wani. Ni Musulmi ne, amma yarinyar amana ce a hannuna, don haka na nemi sanin abin da dokar Katolika ta ce.

A wurinsu, auren da aka ɗaura a coci tsakanin masu baftisma biyu, aka kuma tare, mutuwa kaɗai ke raba shi. Takardar kotun gwamnati ba ta kwance shi. Wanda ya sake aure alhali abokin zamansa na fari yana raye, ba ya karɓar jibin Ubangiji. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya jaddada haka a 1981, amma a takarda guda ya ce waɗannan mutane ba a raba su da coci ba. Suna zuwa addu'a, ana yi wa ƴaƴansu baftisma. Ke nan gorin da aka yi wa yarinyar ƙarya ne ko a ma'aunin cocin.

Akwai kuma ƙofa. Kotun coci tana iya bincike ta gano cewa auren farko bai ɗauru ba tun asali, misali in an yi wa yarinya auren dole. A 2015 Fafaroma Francis ya gajarta wannan shari'a: hukunci ɗaya ya wadatar, kuma bishop da kansa yana iya yanke wadda take a fili. A 2016, cikin Amoris Laetitia, ya nemi limamai su dubi halin kowa ɗaya bayan ɗaya. Mabiyan Zinder suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi ne, ta wurin limaminsu za su fara. Abin da ya fi shafarmu malamai shi ne, ko an ce aure bai ɗauru ba, dokar ta ce ƴaƴan da aka haifa cikinsa halattattu ne.

Wani zai ce sassauci yana raunana aure. Maganar tana da nauyi, musamman a garinmu inda saki ya yi arha, mace ta gama idda ta koma ɗakin iyaye da yara uku, uban ko kuɗin littafi ba ya aikowa. Sai dai wulaƙanta bazawara bai taɓa gyara auren kowa ba. Mu namu addinin ya halatta mata sabon aure, amma bakinmu bai bar ta ba. Su nasu ya tsananta, amma bai kore ta ba. Duka biyun, cin fuskar daga mutane yake fitowa.

Iyaye, yaro abin da ya ji a tsakar gida shi yake kawowa lakwal. Malamai, kada mu bari a yi wa ɗalibi gori da auren uwarsa, ko wane addini yake bi. Ranar da na tsawata a aji, na ce wanda ya sake zai zo mini da mahaifinsa. Bayan kwana biyu yarinyar ta koma cin abinci da ƙawayenta.