Wa ke da gawon da ke tsaye cikin gona?

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, manyan ƙasa kan saka fararen riguna, a kafa rumfuna, a miƙa musu shebur, kowa ya dasa ɗan itace ya zuba masa ruwa, masu ɗaukar hoto su ɗauka. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ake wannan al'ada a Nijar. Da yamma rediyo ya faɗi yawan itatuwan da aka dasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nawa ne suka kai watan Afrilu da rai, bayan awaki da zafin bazara sun yi nasu rabon. Duk da haka, wannan lissafi na ranar dashe shi ne mudun da hukumomi da masu ba da agaji suka daɗe suna auna abin da suke kira ci gaba mai ɗorewa.

Kalmar ta bazu ne daga rahoton Brundtland na 1987, sannan taron duniya na Riyo a 1992 ya ɗaukaka ta. Ma'anarta ba ta da wuya: mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun cinye rabon jikokinsu ba. Duk manomin da ya taɓa ware iri daga hatsin ci ya san wannan tun kafin a ba shi suna. Inda gardama take shi ne wa zai yanke shawara, kuma wa zai ɗauki asara in shawarar ta ɓaci. Tarihin itatuwan Maraɗi da Damagaram ya amsa wannan tambaya fiye da kowane taron ƙara wa juna sani.

A 1935 mulkin mallaka na Faransa ya kafa dokar gandun daji ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsa, ya sa daji ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta, ta jera itatuwan da aka haramta taɓawa, gawo na cikinsu. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifar a karkara: manomi ya ga itacen da ke cikin gonarsa ya zama na gwamnati. In ya sare reshe ba da takarda ba, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To mai hankali yaya zai yi da abin da ba ya da ikon mora, sai dai ya jawo masa tara? Sai ya kashe shi tun yana toho, kafin ya girma ya zama shaida a kansa. Ga kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas don garmar shanu ta wuce. Da fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, iska ta tarar da ƙasa tsirara, tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina guda.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin dasa itatuwa ko'ina. A daidai wannan lokaci, cikin ƙauyukan jihar, wani abu dabam yana farawa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, wanda ya sha ganin dashensa yana mutuwa, ya lura a 1983 cewa ƙananan kumbuna da ke cikin gonaki toho ne na kututturan tsofaffin itatuwa masu saiwa da rai. Ba su bukatar gandun reno ko ban ruwa. Manomi ya zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi na kalgo ko sabara ko gawo, ya rage sauran, ya tsare su. Wannan shi ne sassaben zamani.

A nan akwai darasin da masu yabon dabarar kan tsallake. Lokacin yunwar 1984 an raba hatsi bisa sharaɗin a bar toho cikin gona, mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Zanen aro ba ya rufe katara. Dabarar ta kama ƙasa ne daga baya, sa'ad da waɗanda suka bar nasu suka fara samun makamashi da dirkoki da abincin dabbobi, kuma hukuma ta sassauta hannu, manoma suka tabbata abin da suka rena nasu ne. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun zo suna bin bayan abin da talakawa suka riga suka fara. Sai a 2020 aka fitar da dokar da ta tsara wannan aiki musamman, ta amince da haƙƙin manomi kan itacen da ya rena.

Cikin shekarun 2000, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na da da na lokacin. Sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A aza wannan kusa da Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, mai burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030: rahoton 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka gyara cikin yankin shirin, a dukkan ƙasashen da ke ciki. Manoma masu adda da gatari a kudancin ƙasa guda sun wuce haka, kuma an daɗe ba a ma lura da su ba, domin abin da ba a dasa ba bai da gurbi cikin rahoton shekara.

Wani zai ce ai ruwan sama ne ya ƙaru bayan shekarun fari. Gaskiya ne ya ƙaru, amma ruwa ba ya hana gatari. Gona biyu na iya shan hadari ɗaya, ɗaya cike da gawo, ɗaya fili fetal, kuma bambancin yana hannun mai gonar. Wani kuma zai ce dashe ma yana da amfani. Haka ne, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun tare iska, sun ceci gonaki. Sun rayu ne saboda an tsare su daga dabbobi shekara da shekaru, aikin da bikin yini guda ba ya yi.

Ba a ce gwamnati ta janye ba. Aikinta ma ya fi na riƙe shebur nauyi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero haske da taki, ya yi ganye da rani lokacin da makiyayi ke neman abin ba dabba. Saboda haka itace guda yana da masu bukata uku ko huɗu: mai gona, makiyayi mai wucewa, matar da ke neman iccen girki, da mai sayar da icce a birni. In aka ba mai gona shi kaɗai dukan iko, macen da ba ta da gona da Bafulatanin da aka cinye wa burtali su ne za su biya. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka tsara ƙa'idojinsu da tararsu. Irin wannan zama ne ya kamata hukuma ta mara wa baya da doka da alƙali mai adalci, ta kuma ƙarfafa kwamitocin filaye da dokar 1993 ta tanada.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk shirin muhalli da za a kawo, daga Yamai ko daga ƙetare, a yi masa tambayoyi uku kafin a sa hannu: wa ya zauna aka yanke shawara da shi, wa zai mallaki abin da ya fito, kuma me zai saura shekara biyar bayan motocin shirin sun tafi? Shirin da ya kasa amsa su, a ajiye kuɗinsa. Ranar 3 ga Agusta kuma, kafin a faɗi yawan abin da aka dasa bana, a fara faɗa wa jama'a nawa suka rayu cikin na bara.