Ƙulla Niyya Ba Wuya, Riƙe Ta Ne Aiki

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu, ko watan azumi ya kama, za ka iske baki ya cika da alkawura. Wannan ya ce bana sai ya karance duk littattafan da malamai suka ambata, wancan ya ce shi da hirar dare har abada, wata kuma ta ce kundinta na digiri zai kammalu tun kafin a tambaye ta. Kafin wata ya zagayo sai ka ji shiru, kamar an shuka dusa. Akasarinmu mukan ɗora laifin a kan lalaci. Ni kuwa a ganina, niyya takan mutu ne saboda an bar ta ba lokaci, ba ma'auni, ba kuma mai tambayar inda aka kwana.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙasar Boɗinga garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana wallafa. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wannan zamani, ga nauyin mulkin yammacin daula a wuyansa, ga yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba, amma wajen 1816 ya kammala tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda aka buga juzu'i huɗu. Kowa ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya san aiki irin wannan ba ya yiwuwa da zafin kai na mako guda. Takarda bayan takarda ake yinsa, yau da gobe, har ya taru.

Tsarin da ya haifar da irin waɗannan malamai yana nan a makarantun allo da na zaure, kuma darasinsa na farko shi ne ɗaure aiki a jikin lokacin da ba ya motsi. Almajiri ba ya cewa zai yi karatu in ya sami sarari. Karatunsa na bayan asuba ne, da na bayan la'asar, da na dare. Ɗalibin da ya ce zai riƙa nazari kullum bai faɗi kome ba tukuna, sai ranar da ya ce daga sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai, a kujera kaza ta ɗakin karatu, waya kuma tana cikin jaka.

Na biyu shi ne ƙanƙanta rabon kowace rana. Ba a rubuta wa yaro sura goma a allo, sai abin da zai iya biyawa ya wanke. Mai karanta izu biyu a yini yakan sauke izu sittin a wata guda. Haka nan shafi uku a rana ya haura shafi dubu a shekara. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya fahimci wannan tun yana malamin makaranta, domin a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, ya gutsuttsura labarin ƙasa baiti-baiti yadda yaro zai haddace kaɗan-kaɗan. Shi kansa ta elementaren Yabo da Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna ya bi, ya yi shekaru yana riƙe da alli, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku shi ne samun shaida. Iyayenmu mata sun daɗe da gane cewa kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin tabarma ba ya kai sallah, amma na adashi yakan kai, don akwai uwar adashi da za ta aiko. Saboda haka ɗalibi ya nemi aboki guda wanda zai riƙa nuna wa abin da ya rubuta kowace Alhamis. Kunyar zuwa hannu rabbana takan tayar da wanda ƙararrawa ta kasa tayarwa.

Wani zai ce ai zancen mai ƙoshi ne wannan, wanda zai yi noma da damina, ya nemi na abinci da rani, ina ya ga lokaci? Maganarsa tana da hujja. Sai dai wanda lokacinsa ya yi ƙaranci shi ya fi kowa bukatar ma'auni. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma wanda ya riƙe shafi uku a rana a wannan tsakani ya koma aji da shafi sama da ɗari bakwai a kansa, alhali wanda ya jira a buɗe makaranta ya koma yana laluben abin da ya sani a da. In kuwa rana ɗaya ta kuɓuce, kada a ce sai an rama ninki biyu, don nan ne ake karaya. A koma kan ma'auni washegari kurum.

'Yan'uwana ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya zaɓi niyya guda tak, ya yanka mata lokaci, ya auna mata rabo, ya samo mata shaida, sa'an nan mu haɗu ƙarshen zango mu ga abin da ya taru. Allah ya ba mu ikon cikawa.