Tabon Satar Jarrabawa da Burin Zama Likitan Haƙori

A wannan wata za mu taɓo wata magana da iyaye kan kawo mana cikin sirri a nan Zongo, watau batun yaron da aka taɓa kamawa da satar amsa a jarrabawa, daga baya ya natsu ya sake zama ya ci, yanzu kuma yana son karatun likitan haƙori. Shin ya faɗi abin da ya faru a takardun neman shiga, ko kuwa ya rufe?

Da farko mu duba inda yaranmu ke dosa. Wanda ya yi karatu da Faransanci, ya sami BAC a sashen C ko D, yana iya nufar jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ko ta Félix Houphouët-Boigny a Abijan, inda aka daɗe ana horar da likitocin haƙori. Wanda ya yi da Ingilishi kuwa sai ya tsallaka iyakar Seme zuwa Legas, Ibadan ko jami'ar Bayero ta Kano, inda karatun kan ɗauki shekara 6, bayan an ci jarrabawar JAMB an kuma sami kiredit a Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, saboda haka ake tsefe takardun kowa.

Hukumomi kuma ba su ɗauki magudin jarrabawa da wasa ba. A Nijeriya, bayan fitar tambayoyin WAEC a 1977, gwamnatin soja ta kafa doka a 1984 mai ɗaurin shekara 21. Dokar 1999 ta sassauta, ta ce wanda bai kai shekara 18 ba za a ci shi tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko a haɗa masa duka. Wannan ban da soke sakamako da hana zaman jarrabawa na wani lokaci.

To, a da idan haka ta faru, waɗansu iyaye kan nemi sabuwar takardar haihuwa, a sake wa yaro suna, a rage masa shekaru, ya koma ya zauna kamar sabon mutum. Wannan ƙofa ta kusa rufewa. Tun bayan rajistar jama'a ta RAVIP da aka yi a ƙasarmu Benin daga 2017 zuwa 2018, lambar NPI da hukumar ANIP ke bayarwa tana ɗaure da zanen yatsun mai ita. A Nijeriya ma tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Makaranta tana iya korar ɗalibi ko da ya kai aji biyar idan ta gano takardunsa na jabu ne, kuma majalisar da ke yi wa likitoci rajista tana duba halin mutum kafin ta ba shi izinin aiki. A nan laifi ya zama biyu, na biyun kuma ya fi na farkon muni, domin babba ne ya yi shi da gangan.

Shawararmu ita ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaro ya je ofishin da ya yanke masa hukunci ya karɓi takarda mai nuna cewa wa'adin ya ƙare. Idan an tambaye shi a rubuce ko baki da baki, ya amsa gaskiya a taƙaice: ga abin da na yi, ga shekarar, ga hukuncin, ga kuma sakamakon da na samu bayan nan da gumina. Kada ya ɗora laifin a kan aboki ko mai tsaron jarrabawa. Ya kuma nemi wasiƙar shaida daga shugaban makaranta ko malamin da ya san labarin, ya kuma ga canjinsa. Wata makaranta za ta ƙi shi, wannan gaskiya ne, amma wadda ta karɓe shi ta karɓe shi ke nan, babu mai ɗaga masa hankali gobe.

Me ya sa aka tsananta a wannan fanni? Mai ciwon haƙori yakan kwanta ya buɗe baki, ba ya ganin abin da ake yi masa. Bai san ko an tsabtace ƙarafan da aka sa wa wani kafinsa ba, bai san yawan allurar kashe zafin da aka yi masa ba, bai san ko haƙorin da aka ce a cire yana gyaruwa ba. Aikin duka amana ne.

Daga ƙarshe muna kira ga masu tantance ɗalibai da su bambanta kuskuren ɗan shekara 16 da sana'ar masu sayar da tambayoyi. Mu iyaye kuma mu sani, uban da ya ba ɗansa kuɗin sayen amsa shi ya fara yi masa tabon. Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, idan Allah ya kai mu.