Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatan Lafiya Na Tawa Da Arewacin Adar



Kan ƙodar mai ciwon suga nake roƙonku. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Ranar da ƙafa ta kumbura har yatsa ya bar rami a ƙauri, ɓarna ta yi nisa, sai zancen wankin ƙoda, abin da talakan Takanamat ko Barmu ba shi da halinsa.

Awon kiriyatinin na jini shi kuka fi samu, amma yakan yi jinkiri: aikin ƙoda na iya raguwa kusan rabi lambar ba ta fita daga iyaka ba. Daga tsoka yake fitowa, don haka ramamme yakan nuna kaɗan. Misali, saurayi ɗan shekara 25 da gyatuma ƴar shekara 70, kowanne miligiram 11 a lita. Ƙarfin tacewar ƙodar saurayin ya haura 90, na gyatumar bai kai 60 ba, ga shi takardunsu iri ɗaya. Don Allah ku riƙa lissafa wannan ƙarfin da shekaru da jinsi, ko a wayar hannu, ku rubuta a karnen mutum. In ya zauna ƙasa da 60 wata 3, ciwon ƙoda ne. Ƙasa da 30 kuwa a dakatar da ƙwayar suga ta metformin.

Akwai awon sistatin C, wanda tsoka ba ta ruɗa shi sosai. Yana da tsada, a ajiye shi don inda ake shakka. A ganina kwalbar fitsarin safe ta fi shi amfani a nan, domin albumin yakan zubo tun jini bai nuna komai ba. In ya kai miligiram 30 a giram na kiriyatinin, a maimaita, saboda zazzaɓi ma yana ɗaga shi.

Kun san mutanen Adar da bida. Da an gama girbi, mazan Keita da Tamaske sun kama hanyar Abijan ko Libiya. Ku auna su kafin su tafi. Ku tambayi kowa ƙwayar ciwon jiki da yake saya a tebur, musamman diklofenak, da jiƙe-jiƙen da yake sha, balle a zafin Afrilu da jiki ke bushewa.

Duk babban da kuka gano yana da suga, ku duba ƙodarsa da hawan jininsa a ranar, sannan kowace shekara.