Ba Laifin Batir Ba Ne: Mu Ne Muke Makantar Da Tocila

Yau maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman mu 'yan kasuwa da iyayenmu suka baro Maraɗi da Damagaram suka zauna a nan Bauchi. To sai dai a yi haƙuri, domin ni ma a rumfar tocila da batir na tashi, kuma laifin da zan faɗa har da hannuna a ciki.

A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, an yi cinikin tocila a garin nan kamar ba gobe. Wani dattijo mai gadi ya sayi ɗaya a wurinmu, bayan kwana uku ya dawo da ita. Ya ce wa mahaifina, "Alhaji, wannan fitila taka a hannu kamar rana, amma ba ta kai bakin ƙofar gidan da nake gadi." Nan take na ce, "Baba, ai batir ne." Na sa sabo, ba ta canza ba. Sai mahaifina ya karɓa, ya juya fuskarta ya nuna mini, bai ce uffan ba. Gilashin ya yi fari fat saboda karcewa. Kuma ni ne na zube ta cikin buhu tare da 'yan uwanta, ni ne kuma nake goge ta da bakin riga kullum safe. Ya canza wa dattijon wata, ni kuma na kwana da kunya.

Mai karatu, bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa. Tocila abu uku ce: ƙwai, da kwanon nan mai sheƙi da ke bayansa, sai gilashin gaba. Aikin kwanon shi ne ya tattara hasken ya harba shi gaba wuri ɗaya. Aikin gilashi kuwa ya bar hasken ya wuce salin-alin. To duk inda aka karce, ya zama ɗan kwari mai gefe biyu, kuma hasken da ya faɗa ciki sai ya kauce hanya, wani hagu wani dama. Karce ɗaya ko biyu ba sa komai, ba za ka ma lura ba. Amma idan suka zama ɗaruruwa, sirara, har fuskar ta yi hazo, sai cibiyar hasken ta narke. Hasken bai ƙare ba, watsewa ya yi. Shi ya sa kusa da ƙafarka ƙwal, amma taku talatin gaba duhu. Idan kuma da ƙura a iska, wannan watsattsen haske shi zai dawo maka ido ya ƙara rufe maka nesa.

Me ke karce shi? A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Ƙanƙarar dutse, wadda ita ce yawancin yashi, tana kan 7. Gilashi na gaske yana wajen 5 da rabi. Robar da ake yi wa tocila mai araha fuska da ita kuwa ko kusa da nan ba ta kai ba. Mai tauri shi ke yanka mai taushi. Mu kuma ga garin da muke: yashi a ƙasa, ga hazon hunturu da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Saboda haka duk sanda ka sa bakin riga ka murza busasshiyar ƙura a fuskar tocila, ka sani ba gogewa kake ba, kankarewa kake.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ai kayan Sin ne, dama ba su da ƙarko. Wannan magana ta ishe ni. Ƙwan LED da ke cikin tocilar yanzu ya samo asali ne daga aikin wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014, kuma irin wannan ƙwai yakan yi dubban awoyi yana ci. Sau nawa muka jefar da tocila ƙwanta lafiya lau, fuskar ce kawai ta mutu? Ta baro masana'anta cikin leda da kwali. Wa ya cire ledar don kaya su yi kyau a kan tebur? Wa ya zube su a daro kamar tumatir? Ka zaga Wunti, ka zaga Muda Lawal, ka gani da idonka. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na mutanen Sin.

Wani kuma zai ce, "Kai yaro, don tocila kake wannan dogon surutu?" E, don ita. Ka tambayi ɗan sintirin unguwa, ka tambayi manomin da ke fita ban ruwa da asuba. Nan kusa da mu, a Kaltungo ta jihar Gombe, akwai asibitin da ya shahara wajen jinyar saran maciji, kuma kububuwa launinta launin ƙasa ne. Wanda ka sayar wa makauniyar tocila, ka rage masa tazarar da zai hango ta. Sannan mu da muke zaune a garin da ba nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, jarinmu na farko amana ce. Idan ɗayanmu ya cuci mutum, ba sunansa za a kira ba, sunan mu duka za a kira. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Gyaran kuwa ba ya cin kuɗi. Ɗan kasuwa ya fito da ɗaya ta gwaji, sauran su zauna a kwalinsu. Wadda ta karce a rage mata kuɗi, a kuma gaya wa mai saye gaskiya. Kai kuma mai saye, kada ka yarda a dalla maka ita a ido a ce ka ga ƙarfi. Ka haska bango daga nesa, ka duba ko akwai cibiya mai kaifi a tsakiya. Ka kuma kalli fuskar ta gefe tana kunne: idan ita kanta ta yi fari kamar an shafa mata koko, ajiye ta.

In ka kai ta gida, kada ta kwana aljihu ɗaya da makullai, kada ka kife ta a ƙasa. Tsohuwar safa ta isa ta zama mata kube. Idan ta yi ƙura, ka fara hurawa, sannan ka sa tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Kada fetur ko tina su taɓa roba, dusashe ta za su yi. Kwanon ciki kuwa ko yatsa kada ka sa masa, domin sheƙin nan fenti ne siriri ƙwarai, da ka goge ya tafi ke nan. Ragowar ledar da ake manna wa fuskar waya ma, in ka yanka ta daidai ka manna, ita za ta sha karcen, in ta tsufa ka ɓare ka sa wata. Fuskar roba da ta ɗan yi hazo kuma, man goge baki da tsumma mai laushi yakan rage shi, amma zurfafan karce sai haƙuri.

Ni dai tun daga ranar dattijon nan na daina zuba tocila a buhu. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini, wanda kuma maganar ta taɓa, gobe da safe ya duba daronsa. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu halal. Wassalam.