Tseren Zakarun Babura Bai Dace Da Titin Jama'a Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina a kan wata gardama da ta hana mu sakat a majalisarmu ta ƙofar shago.

Ni manomi ne, in rani ya yi kuma ina taɓa 'yar tireda, ina bin kasuwannin ƙauye a kan babur. Kwanan baya babban ɗana ya nuna mana wani tseren babura a wayarsa, wanda Turawa ke kira TT, a Tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan. Tun 1907 ake yinsa, kuma a kan titin da mutanen garin ke bi kullum. Rufe shi kawai ake yi, sai ka ga mutum ya wuce ƙofar gidan mutane kamar harsashi. Shi da abokansa suka ce wai in har zakarun gasar duniya ta MotoGP maza ne, to a fito da su daga filayensu na musamman a kawo su irin wannan titi. Na ce ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Da farko dai yaran nan ba su san an taɓa gwadawa ba. Daga 1949 da aka soma gasar duniya har zuwa 1976, tseren tsibirin nan yana cikinta. A 1972 wani ɗan Italiya, Gilberto Parlotti, wanda a lokacin shi ne kan gaba a rukunin ƙananan babura, ya je neman ƙarin maki, ana ruwan sama ya faɗi ya mutu. Abokinsa Giacomo Agostini, wanda ya ci tseren tsibirin sau 10, ya kuma ci kambin duniya sau 15, ya ce shi da wurin har abada. Sauran manya suka bi bayansa, a 1977 aka mai da gasar filin Silverstone a Ingila. To jama'a, wa zai kira Agostini matsoraci? Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu, duk mai hawa babur ya san ba faɗuwar ce ke kisa ba, abin da ka daka shi ne. Ni kaina na taɓa faɗuwa da buhu biyu na masara a baya, Allah Ya taimake ni cikin rairayin gefen gona na zube. Na tashi na kakkaɓe riga, sai 'yar ƙujewa a gwiwa. Wani maƙwabcina kuwa gudunsa bai kai nawa ba, amma kan kwalbati ya faɗa. Yau shekara shida ke nan da sanda yake tafiya, gonarsa ma sai an noma masa.

Wannan shi ne bambancin wuraren nan biyu. A filin MotoGP, duk inda kwana take an bar fili mai faɗi an zuba tsakuwa, don wanda ya faɗi ya silale har ƙarfinsa ya ƙare, ga kuma katifun iska a jikin shinge. Shi ya sa Marc Marquez ɗan Sifen ya faɗi sau 27 a 2017, amma a shekarar ya ci kambin duniya. A titin tsibiri fa? Katangar dutse ce, da turken lantarki, da bishiya, da gidajen mutane. Zagaye ɗaya kilomita 60 ne da 'yan kai, kwanoni sun fi 200. Tafiyar da ni da kayana sai na yi awa ɗaya da rabi, Peter Hickman ya yi ta cikin minti 16 da daƙiƙa 36 a 2023. Daga 1911 zuwa yau mahaya fiye da 260 sun mutu a wannan hanya, a 2022 kaɗai mutum shida. Kai, a 2007 har 'yan kallo biyu babur ya kashe. Ga shi baburan MotoGP an auna gudunsu ya kai kilomita 366 a awa a 2023. Wane mai hankali ne zai saki irin wannan tsakanin katangu biyu?

Ɗana ya ce ai a filin ma ana mutuwa. Gaskiyarsa, rai na Allah ne. Amma da Daijiro Kato ɗan Japan ya daki shinge a filin Suzuka a 2003 ya rasu, daga wannan shekara ba a sake kai gasar can ba. Fili ana iya ja da shingensa baya, ana iya ƙara tsakuwa. Titin gari kuwa, gidan wa za a rushe?

Na uku, kuma shi ya fi damuna, shi ne maganar dole. Wanda ya je tseren tsibiri a yau ganin damarsa ne. Dubi gidan Dunlop na Ailan ta Arewa. Joey ya mutu a tseren titi a 2000, ƙanensa Robert a 2008, ɗan Robert mai suna William a 2018, amma ɗaya ɗan, Michael, bai daina ba, har a 2024 ya wuce nasarori 26 na baffansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, ba ni da ta cewa a kansu. Amma da zarar an sa titi cikin gasar duniya, zaɓi ya ƙare. Yaro ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, maki yana can, in bai je ba wani ya kwashe. Neman makin nan ne ya kai Parlotti. Ni da nake ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, na san bambancin wanda ya hau giginya don kansa da wanda maigida ya ce ya hau ko ya rasa abincinsa. In na biyun ya faɗo, alhakin yana wuyan maigida.

Ban ce a hana mutanen tsibirin al'adarsu ba. A matsayina na ɗan kasuwa na san abin da baƙi dubu-dubai ke kawo wa mai sai da abinci da mai ba da hayar ɗaki cikin mako biyu. Su riƙe abinsu ga wanda ya kawo kansa. Amma masu shirya gasar duniya, in kuɗin 'yan kallo ya ja su zuwa cikin gari, to su fara samar da filin da mahayi zai faɗi ya tashi. In babu shi, su zauna inda suke.

Daga ƙarshe ina kira ga samarinmu da ke kallon abin nan a waya, sannan ranar kai amarya su hau titi suna ɗaga ƙafar gaba. Ku sani su can an rufe hanya, ga hular kwano, ga rigar fata, ga jirgi mai saukar ungulu yana jiran wanda ya faɗi, duk da haka ana mutuwa. Ku da silifa kuke, ga awaki, ga yara 'yan talla, asibiti kuma sai an yi tafiya. Iyaye mu sa ido, rigakafi ya fi magani.



Naka mai karatu kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda.